Yadda maiɗakina ta miƙa fasfonta na Indiya bayan mun zama 'yan Birtaniya

Na rubuta wannan ne domin 'yan uwanmu da aure ya haɗa su da mutanen Indiya, suke zaune a wata ƙasa ta uku, kuma suke shirin karɓar takardar zama 'yan can. Tun da matasanmu suka yawaita tafiya karatu Bangalore da Chennai da Haidarabad, irin wannan aure ya daina zama abin mamaki, amma duk neman da na yi ban samu bayanin wannan hanya da Hausa ba. Ni ɗan Kano ne. Na karanta harhaɗa magunguna a Haidarabad, a can kuma Allah ya haɗa ni da maiɗakina, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Aiki ya kawo mu Birmingham, muka cika shekaru biyar ɗin da doka ta nema, muka samu izinin zama na dindindin, muka ƙara shekara ɗaya, sannan a 2024 muka nemi zama 'yan Birtaniya tare. Kowannenmu ya biya fam 1,630, wato 1,500 kuɗin nema da 130 kuɗin bikin rantsuwa, ban da fam 50 na jarrabawar sanin rayuwar ƙasar mai tambayoyi 24.

A wurina abin ƙari ne kawai. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai ƙwace wa ɗan ƙasa na haihuwa matsayinsa don ya karɓi na wata ƙasa ba, saboda haka koren fasfona yana nan yadda yake. Ita kuwa lamarinta daban ne, domin Indiya ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. Sashe na 9 na dokar zama ɗan ƙasa ta 1955 ya ce duk wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa, daga nan ya daina zama ɗan Indiya. Ba sai ya rubuta wa kowa wasiƙa ba, ba sai wani jami'i ya sa hannu ba. Wannan nake so mai karatu ya riƙe kafin komai. Duk takardun da za a cike daga baya, abin da ya riga ya faru ne ake rubutawa. Fasfon yana iya nuna saura shekara shida ya ƙare, amma daga ranar rantsuwa ya daina zama halal ga mai shi, kuma daga wannan rana ake fara lissafin komai.

Ba cikin dare ɗaya ta yanke shawara ba. Watanni muka yi muna juya maganar, domin tana iya zama da izinin dindindin ɗin har iya rayuwarta ba tare da ta rabu da Indiya ba, kuma da yawa haka suke yi. Abin da ya rinjaye ta shi ne, wannan izini yana faɗuwa idan mutum ya yi shekara biyu a jere a wajen Birtaniya, mu kuma muna da niyyar watarana mu koma Kano mu daɗe, ga yara 'yan Birtaniya ne. Ba ta so a wayi gari tana neman biza don ta bi 'ya'yanta. Ta yi istihara, ta kira mahaifiyarta, wadda take kira Ammi, suka yi doguwar magana da Urdu. Tsohuwar ba ta hana ba, tambaya ɗaya ta yi: idan na kwanta ciwo, za su bar ki ki shigo? Ba ita kaɗai ke wannan lissafi ba. Alƙaluman da gwamnatin Indiya ta bai wa majalisar dokokinta sun nuna mutum 225,620 suka bar zama 'yan ƙasar a 2022, sai 216,219 a 2023.

Da aka amince da buƙatarmu, sai aka aiko da gayyatar rantsuwa, wadda dole a yi cikin wata uku. A nan ne mutum yake da ɗan iko a kan lokaci, kuma a nan nake ba da shawarar a tsaya a yi tunani. Idan akwai tafiya Indiya da ta zama dole nan kusa, gara a yi ta a dawo kafin ranar rantsuwa, tun fasfon yana da inganci. A zauren ƙaramar hukuma muka yi tamu, kowa ya ambaci sunansa, muka yi rantsuwar biyayya ga Sarki Charles na Uku da magadansa, aka rera taken ƙasa, aka miƙa wa kowa takardarsa. Da daddare na kira Hajiyata a Kano na gaya mata. Ta yi mana addu'a, sannan ta ce, "To yanzu kai kana da gida biyu, ita 'yar tawa fa?" Na ce ita ɗaya ta rage mata, Hajiya. Ta yi shiru, ta ce in ba ta wayar. Hausar maiɗakina ba ta da yawa, amma ta fahimci "Allah ya sa haka ne mafi alheri", ta amsa da amin.

Aikin farko bayan rantsuwa ba na Indiya ba ne. A lokacin namu ana mayar wa ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya katin izinin zama cikin kwanakin aiki biyar, a yanka shi a sa a ambulan, wanda ya ƙi kuma ana iya cin sa tara har fam 1,000. Sai neman fasfon Birtaniya, da muka biya fam 88.50 kowanne ta intanet. Ofishin fasfo yana neman ainihin takardar zama ɗan ƙasa da kuma duk wani fasfo na wata ƙasa da ba a soke ba, saboda haka fasfon Indiyan sai ya fara zuwa can ya dawo kafin a yi maganar miƙa shi. Ɓangaren Indiya kuma suna son ganin kwafin sabon fasfon. To ka ga tsarin ya jeru da kansa: rantsuwa, fasfon Birtaniya, sannan miƙa na Indiya. Abu biyu zan ja kunne a kai. Na farko, kada a manna wa takardar zama ɗan ƙasa leda. Mu da muka taso a Najeriya mun saba, da an ba mu takarda mai muhimmanci sai shagon masu leda, to ofishin fasfo ba ya karɓar wadda aka yi wa haka. Na biyu, suna. Suna son sunan da ke cikin fasfon waje ya dace da wanda za a sa a na Birtaniya. Maiɗakina ba ta taɓa sauya sunan mahaifinta zuwa nawa ba, kuma wannan ya rage mana aiki ƙwarai a kowane mataki. Wadda ta sauya suna bayan aure, ko wanda fasfonsa na Indiya suna ɗaya ne kawai babu na iyali, kamar yadda yake ga wasu mutanen kudancin ƙasar, ya daidaita wannan tun kafin ya nemi zama ɗan ƙasa.

Makonnin jiran fasfon nan su ne mafi nauyi. Ba ta da katin zama, fasfon Indiya ba ya hannunta, ko yana hannunta ma ba nata ba ne a doka, na Birtaniya kuma bai iso ba. Duk kiran da ya shigo daga Haidarabad da tsakar dare sai gabanta ya faɗi. Ga bikin ƙanwarta an sa shi ƙarshen shekara. Da fasfunan biyu suka iso, wani abokin aikina mai kyakkyawar niyya ya ce, "Malam, me zai sa ku wahalar da kanku? Ta shiga Indiya da tsohon, ta dawo nan da sabon, wa zai sani?" Mutane suna yin haka, kuma yana fitowa fili ranar da suka zo miƙa fasfon, domin hatimin shiga da fita yana nan da kwanan wata, takardar zama ɗan ƙasa ma tana da nata, jami'i kuwa jera su kawai zai yi. Ƙa'idar da ofisoshin jakadancin Indiya ke aiki da ita ta ba da rangwamen wata uku daga ranar samun sabuwar ƙasa. Bayan haka kowace tafiya da tsohon fasfo tana da tara daidai da rufi 10,000 na kuɗin Indiya, har zuwa 50,000 a jimlace. Wanda ya riƙe fasfon fiye da shekara uku bai miƙa ba, akwai wata tarar ta rufi 10,000, wanda kuma ya sabunta shi bayan ya zama ɗan wata ƙasa, tasa 25,000 ce. Kuɗin ba shi ne abin tsoro ba. Abin laifi ne a ƙarƙashin dokar fasfo ta 1967, kuma ba na son sunan uwar 'ya'yana ya shiga kowane irin kundi a ƙasar da iyayenta suke.

Daga nan muka shiga wurin da ya fi rikitarwa. Idan ka bincika a intanet za ka ga ƙofofi biyu, kowacce da shafinta, kuma mutane suna cakuɗa su a magana kamar abu ɗaya ne. Ɗaya ita ce sanarwar barin zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin sashe na 8 na dokar 1955, wadda ake cikewa a shafin ma'aikatar cikin gida ta Indiya, fom mai lamba XXII. Wannan ta fi shafar wanda har yanzu ɗan Indiya ne yake son ya bari, misali wanda ƙasar da zai shiga ta ce sai ya kawo shaidar ya rabu da tsohuwar tukuna. Ɗayar kuma ita ce miƙa fasfo, ga wanda ya riga ya zama ɗan wata ƙasa, ana cike ta a shafin Passport Seva na ofisoshin jakadanci, a ƙarshe a ba ka takardar da suke kira Surrender Certificate. Maiɗakina ta kwana biyu tana karanta labaran mutane daga Amurka da Jamus da Ostareliya, kowa da abin da aka nema a wurinsa, har ta fara haɗa takardun da ba namu ba. Abin da ya warware mana shi ne barin duk wannan, muka buɗe shafin ƙaramin ofishin jakadancin Indiya na Birmingham, wanda yankinmu ke ƙarƙashinsa, da jerin takardun da kamfanin VFS Global ya wallafa, tunda shi ne ke karɓar takardu a madadinsu a Birtaniya. Ƙofa ta biyun, wato miƙa fasfo, ita ce tamu. Kowa ya bi abin da ofishin yankinsa ya rubuta a ranar da zai nema, domin babban ofishi na Landan da na Edinburgh da na Birmingham kowanne da yankinsa, kuma a 2025 an ƙara na Manchester da Belfast.

Fom ɗin ba shi da tsawo. An buɗe asusu, an zaɓi ƙasa da ofishi, an zaɓi miƙa fasfo, sai bayanan tsohon fasfo, da na sabon, da ranar da aka samu zama ɗan ƙasa. Wannan rana ita ce wadda ke jikin takardar zama ɗan ƙasa, ba ranar wasiƙar amincewa ba, ba kuma ranar da aka buga sabon fasfo ba. Da aka tura, na'ura ta ba da lambar nema, muka buga fom ɗin ta sa hannu. Muka haɗa ainihin fasfon Indiya na ƙarshe, da kwafin shafinsa na farko da na ƙarshe, domin a shafin ƙarshe ne Indiya ke rubuta sunayen uba da uwa da miji ko mata da adireshi. Sai kwafin fasfon Birtaniya, kwafin takardar zama ɗan ƙasa, da shaidar adireshinmu na nan. Hoto kuwa, a lokacin namu, ba irin na Birtaniya ba ne. Nasu murabba'i ne, inci biyu kowane gefe, bayansa fari, saboda haka muka gaya wa mai hoto na Indiya ake so. Wanda fasfonsa ya ɓata sai ya haɗa da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa a kan ɓatan. Kuɗin kashi-kashi ne: na gwamnati, da ɗan abin da ake sawa a asusun jin daɗin 'yan Indiya mazauna waje, da ladan kamfanin, da na aiko da takardu gida. Duka-duka abu kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da muka kashe wurin zama 'yan Birtaniya.

Mun kama rana ta intanet muka je da kanmu. Ɗakin jiran cike yake, akasari tsofaffin Punjab da rawunansu da jikoki masu yi musu tafinta, da matasa masu sabunta fasfo. Muka ciri lamba muka zauna. Tana riƙe da fasfon a cinyarta tana buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ga bizar Najeriya ta farko, lokacin da na kai ta gaida Hajiya. Ga hatimin Jidda na Umararmu. Ga bizar aikin da ta kawo mu nan. A shafin ƙarshe ta tsaya a kan sunan mahaifinta, Allah ya jiƙansa, da adireshin gidan da ta girma a ciki. Da aka kira lambarmu, matar da ke kan teburin ta bi jerin takardun da biro tana yi wa kowace alama, ta duba ranar rantsuwa, ta juya shafukan fasfon tana duba hatimai, ta ga babu tafiya bayan wannan rana. Ta karɓi kuɗi, ta ba mu rasit mai lambar bibiya, ta sa fasfon a jakar leda. Ko minti goma ba a yi ba. A mota maiɗakina ba ta yi magana ba sai da muka kusa gida, ta ce ba ta taɓa zaton abin zai yi sauri haka ba. Ban ce mata komai ba, domin ni ba a karɓe mini komai ba, kuma na san ban isa in ce na san yadda take ji ba.

Bayan 'yan makonni ambulan ya iso. A ciki akwai takardar shaidar miƙawa, da tsohon fasfon an soke shi da hatimi. Mutane da yawa ba su san ana dawo da shi ba. Ana dawowa da shi, kuma a adana shi da kyau, domin shi ne babbar shaidar asalin mutum a duk abin da zai nema daga Indiya nan gaba, har ga 'ya'yansa da jikokinsa. Mun ɗauki hoton takardun biyu mun ajiye a wurare daban-daban.

Lokaci ya ƙure wa bikin, saboda haka ta nemi bizar intanet ta yawon buɗe ido a shafin gwamnati, ita da yara. Ana nema aƙalla kwana huɗu kafin tafiya, kuma a kula, akwai shafukan 'yan kamasho masu kama da na gwamnati da ke ninka kuɗi. Fom ɗin ya tambayi yadda ta samu ƙasarta ta yanzu da wacce ce ta baya, ta faɗi gaskiya. Ni aiki ya riƙe ni, amma ta ba ni labarin saukarsu a filin jirgin Rajiv Gandhi na Haidarabad. Ƙafarta ta nufi layin 'yan ƙasa kamar kullum, sai babbar 'yarmu ta ja hannunta ta nuna mata na baƙi. Jami'in ya duba wurin haihuwa a fasfon, ya ga Haidarabad, ya yi mata magana da harshen garin, sannan ya ɗauki zanen yatsunta kamar kowane baƙo.

Da suka dawo muka nemi katin OCI (Overseas Citizen of India, wato ɗan Indiya na ƙetare), wanda shi ne amsar tambayar Ammi. Indiya ta fito da shi a 2005 domin 'yan asalinta da suka zama 'yan wasu ƙasashe. Biza ce ta har abada, a shiga a fita yadda aka so, a zauna iya son rai ba tare da rajista wurin hukumar kula da baƙi ba, a yi aiki, a yi karatu. Kuɗinsa daidai da dala 275 ne, kuma ba a kallon buƙatar wanda ya taɓa riƙe fasfon Indiya ya kuma sauya ƙasa a 'yan shekarun nan sai da takardar shaidar miƙawa. Yara sun cancanta ta wurin uwarsu, aka nemi cikakkiyar takardar haihuwa mai sunayen iyaye, ƙaramin da bai iya sa hannu ba ya dangwala babban yatsa. Ba mu taɓa yi musu rajistar zama 'yan Indiya ba tun haihuwa, domin sai an bayyana cewa yaro ba ya riƙe da fasfon wata ƙasa, namu kuwa suna da shi. Miji ko mata baƙi ma suna iya nema idan auren yana da rajista kuma ya kai shekara biyu a jere, sai dai nasu yana bi ta tantancewar tsaro. Wanda iyayensa ko kakanninsa suka taɓa zama 'yan Pakistan ko Bangaladash bai cancanta ba.

Kada sunan katin ya sa a ɗauka an dawo da abin da aka rasa. Mai shi ba ya zaɓe, ba ya tsayawa takara, ba ya riƙe manyan muƙaman gwamnati, kuma gwamnati tana iya soke shi. Ba ya sayen gona, ko da yake yana iya gadonta, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye domin danginta suna da gonar kaka a wani ƙauye a jihar Telangana. Kasonta na gado yana nan, amma ba za ta iya sayen na ɗan uwanta ba idan ya tashi sayarwa, kamar yadda ta taɓa buri. Tun sanarwar Maris 2021 kuma, mai katin sai ya nemi izini na musamman kafin ya yi aikin bincike, ko aikin jarida, ko aikin mishan, ko fita tabligi. Na ambaci na ƙarshen ne musamman domin na san akwai 'yan uwanmu da ke zuwa Indiya saboda shi.

Sauran ayyukan ƙanana ne amma kada a bar su su taru. Ta aika wa bankinta na Haidarabad kwafin sabon fasfo da katin OCI aka sabunta bayananta a asusun mazauna waje, ta kuma nemi a cire sunanta daga rajistar masu zaɓe. Idan da zan shirya wa wani wannan hanya daga farko, zan ce ya zauna da kalanda tun kafin ya kama ranar rantsuwa, ya duba bukukuwa da lafiyar tsofaffi a gida, ya ware watannin da ba za a yi tafiya ba, ya tabbata sunaye sun dace a kowace takarda, sunan miji ko mata kuma yana shafin ƙarshe na fasfon Indiya tun yana da inganci. Miƙa fasfon kuma a yi shi da zarar sabon ya iso, a bi shi da neman OCI nan take, ko da babu tafiya a gaba. Katin yana ɗaukar makonni kafin ya fito, kiran gaggawa daga gida kuwa ba ya jiran takarda. Nawa neman, a matsayin miji, yana hannunsu yanzu, kuma takardar aurenmu ta rajista da sunana a tsohon fasfonta su ne manyan shaidun da na gabatar.